Allon ƙididdigar taro: abin da ya nuna mini a Garki

Shekara shida ke nan ina shirya tarukan bita na mata masu ƙananan sana'o'i a Abuja, kuma da littafi da biro nake aiki, sai ɗan Google Forms, fom ɗin da ake cikewa a intanet, idan ƙanwata ta samu sarari. Bana muka karɓi wata manhajar shirya taro daga wani kamfani na nan garin, muka gwada ta a taronmu na Garki. Allon ƙididdigarta ne ya sa na biya kuɗin, don haka a kansa zan tsaya.

Da an buɗe, adadin waɗanda suka yi rajista ne a sama, ƙasansa kuɗin da ya shigo ta Paystack, hanyar biyan kuɗi ta intanet, sai wani zane mai kama da yankan kankana da ke nuna ta inda mutane suka samu labari. Dabarar ita ce kowane dandali ana ba shi nasa adireshin rajista, manhajar ta riƙa ƙirga wanda aka bi. Nan na ga kuɗin tallar da nake zubawa a Instagram bai kawo rabin abin da zaurukan WhatsApp suka kawo kyauta ba. Abin ya yi mini ciwo, amma gara da na sani.

Wanda ya fi shiga raina shi ne zanen layin da ke nuna lokacin isowa. Kowace mai rajista tana da lambar QR a wayarta, wato ɗan zane mai kusurwa huɗu da waya ke karantawa, a ƙofa a haska ta, layin ya ɗaga. Mun sa taro ƙarfe 9, amma layin nan kwance yake har wajen 11, sannan ya miƙe tsaye. Da na haɗa shi da unguwannin da aka cike a fom, sai na ga yawancin matan daga Nyanya, Mararaba da Kubwa suke. Duk wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya zuwa mahaɗar AYA ta Asokoro da safe ba zai zarge su ba, balle uwar da sai ta sallami yara makaranta. Shekaru ina ɗora laifi a kan halin mutanenmu, ashe ni ce ke sa lokacin da bai dace da rayuwarsu ba. Kuma tun ƙarfe 12 na kira mai abinci na faɗa mata fakiti nawa za ta kawo, ba a yi asarar shinkafa ba kamar bara.

Sai dai allon abin da aka zuba masa kaɗai ya sani. Wata ta zo da kishiyarta da maƙwabciya, wata ta yi tiransifa kai tsaye, wata dattijuwa ta miƙo kuɗi a hannu tana cewa, "'Yata, ni ba ni da babbar waya." Dukansu babu su a zanen. Da sabis ya ɗauke a zauren kuwa, alƙaluman suka tsaya cak kusan rabin awa. Komai kuma da Turanci yake, sai da na zauna na yi wa 'yan matan ƙofa bayani.

Na tambayi kamfanin inda lambobin wayar matan nan ke zuwa, tunda tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma amana aka ba ni. Amsar ba ta gamsar da ni ba, na nemi su rubuto mini.

Zan sake amfani da manhajar a taron Wuse. Ƙarfe 11 za mu fara, kuma zan ajiye yarinya guda a ƙofa mai shigar da sunan duk wadda ta zo ba rajista.