Gargaɗi ga masu tayar da tsofaffin babura a Kaduna: ku kula da mai tallar "kayan Japan" a Facebook

Assalamu alaikum. Na yi kusan wata guda ina jin nauyin rubuta wannan, don abin kunya ne a ce yaro ya yi wa mai furfura irina wayo a kan babur. Amma shekaranjiya wani abokina a Unguwar Sanusi ya nuna mini hoton da aka turo masa, sai ga shi daidai da wanda aka cuce ni da shi.

Ina da Honda CG125, irin na farkon nan mai batir 6 bolt. Na saye shi na hannu a 1986, ina aiki a masaƙa a Kakuri. Da shi na yi zance, da shi na yi ta jigilar yara makaranta, har ya gaji na jingine shi a zaure. Bara na ce bari in tayar da shi. Inji bai ba ni wahala ba, don tun da Honda ta fito da samfurin a 1975 ta yi shi ne don ƙasashe irin namu, inda ba kowa ke canza mai a kan lokaci ba. Tanki ne ya ci tsatsa har yana yoyo, kafireta kuma ta gama aiki.

Na zagaya kasuwar Panteka har sau uku ban samu na asali ba. Sai jikana ya nuna mini wani shafi mai tallar kayan tsofaffin babura, CG, Benly, Vespa, duk ga su jere.

Abin da ya kama ni shi ne mutumin ya san babur. Da na kira shi, kafin in gama bayani ya ce, "Baba Alhaji, naka mai giya huɗu ne ko biyar? Kafiretar Keihin kake so, kada a haɗa ka da ta Chana." Wanda ya yi maka irin wannan tambayar, ai sai ka saki jiki. Ya ce yana da shago a Kaduna amma ya je Legas sauke kaya, in na biya rabi zai sa a mota. Muka daidaita a naira 90,000, na tura 45,000 a wani asusu da ya ce na ƙaninsa ne. Tun a nan ya kamata in farga.

Bayan kwana biyu wani ya kira, wai shi direba ne, kaya sun iso amma ba zai sake su ba sai an cika kuɗi da ladan mota. Na cika. Na je tasha a Kawo na karɓi kwali, a nannaɗe da salatif kamar kayan arziki.

A gaban bakanikena muka buɗe a Tudun Wada. Warin sabon fenti ne ya fara dukan hancinmu. Ya ɗaga tankin da hannu ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya yi ƙara kamar gwangwanin madara. Ya kankare gefe da farce, sai ga jan fenti a ƙarƙashin shuɗin. Tankin babur ɗan Chana ne aka fesa, aka manna masa sitikar Honda. Kafireta kuwa babu sunan Keihin a jikinta ko kaɗan, alhali a ta asali sunan a jikin ƙarfen yake, ba manna shi ake yi ba. Bakanike ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ko dubu goma sha biyar ba su kai ba."

A nan dabarar take. Baburan Chana da yawa injin CG aka kwaikwaya, don haka kayansu na kama da na asali, a hoto ba za ka bambance ba. Hotunan ma ba nasa ba ne, jikana ya gano su a wani shafin ƙasar waje, har da ɗan lotsawar da ke gefen tankin.

Lambar wayarsa yanzu a kashe take, shafin ya canza suna, amma hotunan na nan. Duk wanda aka yi wa tayi, ya ce a yi kiran bidiyo, a juya kayan a nuna rubutun jikin ƙarfe da cikin tanki. In babur sukutum ne, a nuna lambar da ke wuyan firam da ta jikin inji, su dace da takardu. In ya ce yana da shago a Kaduna, ku ce za ku aiko yaro ya gani. Abokina ya faɗa masa haka, nan take mai tallar ya toshe shi.

Na kai ƙorafi banki da ofishin 'yan sanda, na ba da lambar asusun da rasit. Tsohon tankina kuma na kai wa mai walda, ya ce in dawo ranar Asabar.