Kakin zuman dattijon Kasuwar Dole

Wata uku ke nan ina aiki da kakin zuman da na saya wurin wani dattijo mai sayar da zuma a Kasuwar Dole ta Damagaram. Curi biyu ya ba ni a jaka uku. Da na ce masa zane zan yi da shi, sai ya yi dariya: "Ɗana, mu dai dukawa muka sani da sayensa."

Kakin na gaske ne, ba a gauraya shi da kyandir ba, ƙamshinsa ma ya isa shaida. Sai dai akwai datti, har da fukafukan ƙudan zuma. Na narka shi a gwangwani cikin tukunyar ruwan zafi, na tace sau biyu da tsohon ɗankwalin maiɗakina (har yau ana yi mini gori).

Wata ƙofar gida ta unguwar Birni na zana a kan katako da fastel, allin nan mai laushi da ke barin gari a yatsa. Na shafa kakin da buroshi a ja ɗaya, don in ka maimaita, garin zai biyo buroshin. Sannan na kara dutsen guga mai gawayi kusa, ban bari ya taɓa ba. Jar ƙasar bangon ta yi duhu, ta nutse ciki kamar an yi mata yayyafi. Wallahi na daɗe ina kallo. Shuɗin ƙofar kuwa ya koma kore-kore, saboda kakin rawaya ne ba fari ba. Fastel mai maiƙo bai yi ba sam, yana jin zafi ya malale.

Matsalar ita ce zafin Damagaram. Kakin zuma sai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, amma a watan Afrilu da muke wuce 40 ya riga ya yi laushi, farce na shiga, ƙura na mannewa. Masu wannan sana'a suna ƙara masa damar, ƙaron wata bishiyar Asiya, don ya taurare. Ni na gwada ƙaronmu na gida, ya kwanta a gindin gwangwani ya ƙi haɗuwa, don shi a ruwa yake narkewa.

Alhamis mai zuwa zan koma in ƙaro curi biyu. Ƙaron damar kuma na ba ƙanena sautu daga Kano.