Na je neman ma'ana a zanen lalle, na dawo da tabo

Saura mako uku bikin ƙanwata na fara cigiyar mai ƙunshi. Wadda muka saba da ita ta yi aure an kai ta Kaduna, sai wata ƙawata ta turo min lambar wata mai ɗan shago a nan Kano, ta ce hannunta ba dama. Na je, na biya, na ga abin yabo, na kuma ga abin ƙorafi. Sunan shagon dai ba zan faɗa ba, don laifin da aka yi raba shi za mu yi ni da ita.

Wata abokiyar aikina ce ta fara jefa ni cikin wannan tunani. Kirista ce 'yar Jos, tana da tatu a wuyan hannu, ranar haihuwar mahaifiyarta da ta rasu. Kullum cewa take ba ta ga dalilin da mutum zai zauna a yi ta caccaka masa allura saboda fulawar da ba ta nufin komai ba. Yayanta kuwa kan zaki ne a damtsensa, wai don kawai ya burge shi, har yau suna musu a kai. Ni tatu ba hanyata ba ce. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata, magana ta ƙare. Amma zancenta ya tsaya min a rai. Shekara nawa ina miƙa hannu ana zana min abin da aka ga dama? Na ce wannan karon sai na sa abin da ke da ma'ana a wurina.

Kakata ta wajen uba, Iya, Allah ya ji ƙanta, tana da jarfa a bayan hannun dama. Layi biyu ne a tsaye, an gindaya musu gajeru kamar tsani, da ɗigo uku a sama. Tsufa ya sa launin ya koma kore-kore, fatar ta tattare har tsanin ya karkace. Da hannun take dama mana fura, idona a kan zanen. Na lalubo wani tsohon hotonta, na ɗauke shi da waya, na ƙara girman wurin na tura wa mai ƙunshin ta WhatsApp. Ta amso da cewa ba matsala, in zo ƙarfe 10 na safiyar Laraba.

Ƙarfe 10 ina wurin. Ba a taɓa hannuna ba sai bayan azahar, don amare biyu na tarar a gabana, kowacce da zugar ƙawaye. Wannan shi ne ƙorafina na farko. In kin san kin cika, ki faɗa wa mutum gaskiya ya yi wani uzurin. Ban da wannan, ɗakin tsaf yake, fanka na aiki da sola, akwai ɗan benci na ɗora ƙafa. Yara uku ke taya ta, ɗaya na yanka salatif a kan faranti, ɗaya na ɗura kwaɓin lalle a 'yan ledoji masu tsinin baki, ɗaya na gyara wa waɗanda aka gama wa zama kada su goge.

Da layi ya zo kaina ta sake duba hoton, ta dube ni.

"Anti, wannan ai tsani ne. Da tsani za ki shiga biki?"

Na ce na kakata ne. Ta yi shiru, ta ce Allah ya ji ƙanta, sannan ta ce da ja ba zai fito yadda nake so ba, sai dai baƙi. Na ce a sa baƙin. Ina kallo ta farke wata 'yar takarda ta zuba gari a murfin roba ta kwaɓa da ruwa, warinsa irin na rinin gashi. Ban tambaya ba. Hankalina na kan ko layin zai miƙe.

Ya kuwa miƙe. A nan dole in ba ta haƙƙinta, yarinyar ta iya. Hannun hagu na ce ta yi abin da ta ga ya dace da jan lalle, ba ta ko kalli hoto ba ta fara daga tushen yatsa, ganye na fita daga ganye, siriri kamar zaren ɗinkin hula, hannunta ko rawa ba ya yi. Tana yi tana hira da amarya a kan kuɗin gyaran jiki. Ƙafa kuwa salatif aka liƙa aka shafe da ja aka ɗaure da leda, na zauna awa huɗu ina gyangyaɗi. Baƙin da ke hannun dama rabin awa bai cika ba aka ce in wanke, ya fito wuluk. A lokacin murna na yi da saurin.

Ranar kamu kowa hannun hagu yake kamawa. "Wa ya yi miki wannan?" Na ba da lambarta ya fi sau goma. Tsanin da na kwana ina tunani a kansa babu wadda ta tanka, sai wata da ta ce ko ba a ƙarasa ba ne. Gwaggo ce kaɗai ta gane. Ta riƙe hannun ta daɗe tana kallo, idonta ya kawo ruwa. Na ga dama ta samu, na tambaye ta abin da zanen yake nufi, ko alamar gidansu Iya ce. Sai ta fashe da dariya har tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ke 'yar nan, wace alama? Yayi ne. Ranar kasuwa suka tafi su huɗu wurin wanzami ba da sanin gida ba, kowa ta nuna wanda take so, ya tsaga da aska ya shafa baƙin tukunya. Ita da bakinta ta ce na ƙawarta ta gani ta ce a yi mata irinsa. Da ta koma gida duka ta sha."

Ta ce mai ma'ana ita ce tsagar gado, irin ta Gobirawa ko ta Barebari, wadda da ganin fuskar mutum an san asalinsa, kuma wannan ba kai ke zaɓa ba, kana jariri ake yi maka. Su kalangu da 'yar baka da irin na Iya kuwa ado ne na 'yan mata, kamar yadda mu muke sa fulawa. Yanzu galibi an daina, wa'azin malamai ya yi tasiri, ga kuma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da ta hana yi wa yaro tsaga ko jarfa. Na ɗan ji kunya, ba zan ɓoye ba. Amma da na sake kallon hannuna, Iya na gani, ba ƙawarta ba. Ita don kyau ta yi, mu da muka tashi muna kallonsa a bakin ƙwaryar fura mu muka ɗora masa nauyi.

Kwana takwas da yin ƙunshin hannun dama ya fara ƙaiƙayi. Washegari layukan suka kumbura, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka jeru daidai kan tsanin, har ɗigo ukun. Hagu da ƙafa lafiya lau. Likitar fata da na gani kallo ɗaya ta yi ta ce dayis ne. Ta yi min bayanin cewa ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Sinadarin da ke cikinsa saman fata kawai yake kamawa, shi ya sa in an cire yake fitowa ruwan goro, ya yi duhu bayan kwana ɗaya ko biyu, ya kuma goge cikin mako biyu zuwa uku yayin da fatar ke sabuntawa. Tatu kuwa allura ce ke kai tawada can ƙarƙashin wannan saman, shi ya sa ba ya fita. Baƙin da muke kira baƙin lalle yawanci sinadarin rinin gashi ne mai suna PPD, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a shafa shi kai tsaye a fata ba. Ba kowa yake yi wa illa ba, amma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi ke nan har abada. Ta ce ko rinin gashi mai shi in kiyaye. Na ce da na sani da na gwada kaɗan tukuna, ta ce a karon farko yakan kai mako ɗaya ko biyu kafin ya nuna, gwajin awa ɗaya ba zai gaya min komai ba. Ta rubuta min man shafawa da ƙwayar ƙaiƙayi.

Na tura wa mai ƙunshin hoto. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma kashe waya ba, wannan ma abin yabo ne a zamanin nan. Ta ba da haƙuri, ta ce jinina ne bai karɓa ba, tana yi wa mutane da yawa ba abin da ke samun su, ta kuma mayar min da kuɗin hannun. Na yarda ba mugunta ta yi ba. Inda na ga gazawarta shi ne ta san abin da take kwaɓawa, ni ban sani ba, kalma ɗaya ta gargaɗi da ta isa. Nawa laifin kuma, na yi mako biyu ina tambayar kaina me zanen zai nufa, ban yi minti ɗaya ina tambayar me ke cikin murfin robar ba.

Wata huɗu ke nan. Fulawar hagu ta tafi tun tuni, sai a hotunan biki. Tsanin yana nan, tabo ne mai duhu, yana dusashewa a hankali, likita ta ce sai haƙuri da kiyaye rana. Abokiyar aikina ta gani ta ce yanzu ni ma na shiga layinsu. Na ba ta labarin Iya da ƙawarta da wanzami, ta ce don Allah kada yayanta ya ji.

Zan koma wurinta da Sallah, don ban ga mai hannunta ba a unguwarmu. Na riga na gaya mata ja kawai, kuma ni zan zo da garin lallena daga kasuwar Kurmi. Zanen ita za ta zaɓa. Na ce ƙarfe 7 na safe zan zo, kafin amare su farka.