Moana 2: hoto ya ƙayatar, amma labarin bai kamo na farko ba

Kamfanin Disney ya saki fim ɗin katun Moana 2 a Amurka ranar 27 ga Nuwamba 2024, shekara takwas bayan fitowar na farko a 2016. Tsawonsa minti 100 ne, kuma ya tara fiye da dala biliyan 1 a gidajen sinima, ya zarce na farko nesa ba kusa ba. Amma wanda ya kalli biyun a jere zai gane kuɗin nan yawanci farin jinin na farko ne ya jawo su. A ganina na biyun fim ne da yara za su ji daɗinsa sau ɗaya, alhali na farko shi ne wanda suke roƙo a sake sa musu. Mai gudun a tona masa ƙarshen labari ya sani cewa zan taɓo shi nan gaba, don matsalar ba ta bayyanuwa sai da shi.

Tushen matsalar sananne ne. Tun farko an tsara aikin ne a matsayin shiri mai dogon zango da za a riƙa sakawa a Disney+, manhajar kallon finafinai ta kamfanin. Sai a Fabrairun 2024 kamfanin ya sanar da cewa an mai da shi fim ɗin sinima, wata tara kacal kafin fitowarsa. Kamar yadi ne da tela ya riga ya yanka don ɗinka ƙananan riguna, daga baya aka ce ya haɗa babbar riga da shi: za ta sawu, amma duk inda ka duba sai ka ga haɗi. Shiri mai dogon zango yana son taron jarumai da ƙananan rigingimu da za a warware a kowace fitowa. Fim na awa ɗaya da minti 40 kuwa rigima ɗaya yake so, wadda za ta yi ta tsananta har ta fashe. Moana 2 yana tafiya ne tasha-tasha: karo da 'yan fashin kwakwa da ake kira Kakamora, shiga cikin wata ƙatuwar halittar teku mai ɓawo biyu, haɗuwa da Matangi mai jemagu, farmakin dodannin ruwa, sannan guguwa. Kana iya cire tasha ɗaya ko biyu ba tare da ƙarshen ya canza ba.

Abin da ya riƙe na farko, wanda Ron Clements da John Musker suka ba da umarni, shi ne komai a ɗaure yake da komai. Kwakwa tana ruɓewa a tsibirin Motunui, kifi ya ƙare, ga mahaifin Moana, sarkin garin, ya hana kowa wuce duwatsun da suka kewaye tsibirin. Yunwa na gabanta, umarnin uba na bayanta. Kakarta Tala ta nuna mata kogon da aka ɓoye jiragen kakanni, sannan ta rasu a daren da yarinyar ta tashi. Moana ba ta iya tuƙi ba, dole ta lallaɓa Maui mai girman kai, wanda rabi mutum ne rabi abin bauta, ya koya mata: yadda ake ɗaga tafin hannu a auna taurari, yadda ake tsoma hannu a ruwa a ji inda igiya ta nufa. A ƙarshe kuma ba da faɗa ta ci nasara ba. Ta hango tambarin nan mai murɗe a ƙirjin dodon wuta Te Kā, ta gane ai ita ce Te Fiti, abin bautar da ke ba tsibirai rai, wadda aka sace wa zuciya, ita kuma Moana ta fito mayar mata da ita, sai ta ce wa teku ya buɗe hanya. Ruwa ya dare biyu, dodon ya rarrafo da gudu cikin hayaƙi, ita kuma tana takowa a hankali tana waƙa, har suka haɗa goshi. Duk abin da aka shuka tun farkon fim a nan aka girbe shi.

A na biyu, shekara uku sun wuce, Moana ta zama gwanar teku, garinsu na cikin wadata, iyayenta na goyon bayanta. To me zai fitar da ita? Wahayi ne daga wani kakansu, Tautai Vasa, wanda ya ce mata Nalo, abin bautar guguwa, ya nutsar da tsibirin Motufetu da ke haɗa hanyoyin teku, kuma in ba a sake haɗa al'ummomi ba, mutanenta za su ƙare wata rana. Barazanar a baki kawai take. Ba mu ga bishiya ɗaya ta bushe ba, ba mu ga tukunya ɗaya babu abinci ba. Yaro ɗan shekara shida ya fahimci ruɓaɓɓiyar kwakwa da ido, amma "wata rana za ku ƙare" ba ta kama shi.

Sai abokan tafiya uku da aka haɗa ta da su: Loto mai sassaƙa jirgi da ba ta gajiya da gyare-gyare, Kele tsohon manomi mai ƙunƙuni, da Moni masanin tarihin gari, masoyin Maui. Kowannensu hali ɗaya aka ba shi, da shi ya shiga jirgi, da shi ya sauka. A shiri mai dogon zango da kowa ya samu fitowarsa, a nan kuwa sun cinye lokacin da ya kamata a ba Moana da Maui. Wannan ne ya fi ba ni haushi, domin cacar bakin mutum biyun nan ita ce gishirin na farko, amma a nan sai fim ya kusa rabi kafin su haɗu, Maui yana can ɗaure a hannun Matangi. Ita ma Matangin, wadda ta fi kowa jan hankali cikin sababbin fuskoki, waƙa ɗaya ta yi, ta buɗe musu hanya, ba a sake ganinta ba har labarin ya ƙare. Nalo kuwa, babban mugun fim, a cikin labarin ba a ganin komai nasa sai hadari da tsawa masu launin shunayya. Da wuya mai kallo ya ji tsoron mugun da bai taɓa jin muryarsa ba.

Waƙoƙi su ne asara ta biyu. Lin-Manuel Miranda, wanda ya rubuta waƙoƙin na farko tare da Opetaia Foa'i da Mark Mancina, bai dawo ba, Abigail Barlow da Emily Bear ne suka maye gurbinsa. Ba wai ba su iya ba. Matsalar ita ce an sa su cike gurabe iri ɗaya: "Beyond" tana zaune inda "How Far I'll Go" ta zauna a fim na farko, "Can I Get a Chee Hoo?" kuma inda "You're Welcome" take, don haka kunne yana ta gwada su, su kuma suna faɗuwa a gwajin. Waƙar Maui ta farko, "You're Welcome", aiki take yi: yana yabon kansa, yana ba da tarihinsa ta zanen da ke jikinsa, kuma kafin amshi ya ƙare ya kulle yarinyar a kogo ya sace mata jirgi. Ta biyun ƙarfafa gwiwa ce kawai, labari ya tsaya cak sai an gama ta. Inda kiɗan ya tsaya da ƙafarsa shi ne wuraren da Foa'i da mawaƙansa ke rerawa da harsunan tsibiran Fasifik, da ganguna da muryoyin taro.

Ta fuskar hoto kam babu abin cewa. Ruwa, gashi, yashi da hasken faɗuwar rana duk sun kai na farko, guguwar ƙarshe ma ta fi duk wani abu da aka nuna a can girma. A wayar hannu rabin wannan aikin ɓacewa yake yi, musamman wuraren duhu na cikin halittar nan da na guguwa, don haka a kalla a talabijin in da hali, a rage hasken ɗaki. Auli'i Cravalho (Moana) da Dwayne Johnson (Maui) sun dawo da muryoyinsu, ba su yi sanyi ba. Ƙanwar Moana, ƙaramar Simea, ita ce sabon abu mafi kyau a fim ɗin. Yadda take manne wa yayarta tana ƙin a tafi a bar ta ya ba tafiyar nauyin da wahayin bai ba ta ba, kuma da an gina labarin a kan wannan rabuwar, da fim ɗin ya samu zuciya.

Iyaye su san abu biyu kafin su kunna. Na ɗaya, labarin ya ginu ne a kan tatsuniyoyin mutanen Folinesiya, masu ababen bauta da yawa da ruhohin kakanni, kuma na biyun ya fi na farko nitsewa a ciki. A ƙarshe tsawar Nalo ta kashe Moana bayan ta yi nutso ta taɓa tsibirin, Maui ya rungume ta yana rera kira, ruhohin kakanni suka taru suka dawo da ita da rai, ta tashi da zane a hannu, ta zama irin Maui, rabi mutum rabi abin bauta. A gidan Musulmi ko na Kirista wannan wuri ne da yaro zai yi tambaya, gara babba yana kusa ya bayyana masa cewa tatsuniyar wasu mutane ce. Ko ta fuskar labari ma ban so wannan juyin ba, domin darajar Moana a na farko ita ce 'yar Adam ce da ta yi abin da mai ƙarfin sihiri ya kasa. Na biyu, a Amurka an sa fim ɗin a rukunin PG, wato a kalla da kulawar iyaye, kuma dodannin ruwa da wurin mutuwar za su iya firgita 'yan ƙasa da shekara biyar ko shida.

A fara da na farko, don na biyun bai tsaya bayanin waye Tala ba, ko dalilin da teku ke wasa da Moana kamar aboki. Kada kuma a kashe da zarar sunaye sun fara hawa allo. A tsakiyarsu akwai ɗan guntun fage inda a karon farko ake ganin fuskar Nalo, ga Matangi a gabansa, ga ƙaguwar nan Tamatoa ta na farko ta dawo, shi Nalo yana shirin ɗaukar fansa. Ma'ana, mugun da aka yi minti 90 ana jira an ajiye shi ne don wani fim na gaba.