chrony, ntpd ko akwatin GPS: wanne za ka ɗauka don saita agogon saba?

In agogon sabarka ya kauce da fiye da minti 5 Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, zai hana ka shiga, kuma log ɗin injina biyu ba za su jitu ba ranar da kake bin diddigin matsala.

Ni dai chrony, manhajar da ke saita agogon inji ta netwok, nake cewa kowa ya sa. Ko netwok na yankewa yana dawowa ba ruwansa, don yakan koyi yadda agogon injin ke gudu ko jan ƙafa ya riƙa gyarawa da kansa har layi ya dawo, ga saurin daidaitawa da zarar an kunna kwamfuta. Tun fitowa ta 4.0 a 2020 yake da NTS, wato ana tantance lokacin daga sabar gaske ya fito, ba wani ne ya tare hanya ya sauya ba. Kamfanin Red Hat ma tun fitowa ta 7 ta Linux ɗinsu (RHEL 7) shi suka sa a gaba. Buga chronyc tracking kawai ka ga tazarar agogonka da ainihin lokaci.

ntpd na David Mills, wata manhajar ta wannan aikin, tsoho ne mai daraja amma ya yi nauyi. systemd-timesyncd, ƙaramar manhajar saita agogo ta Linux, ya fi dacewa da laptop, ba ya raba wa wasu lokaci. PTP kuwa, wata hanyar saita lokaci da ta fi waɗannan daidaito, sai switch da katin netwok ɗinka sun san shi, in ba haka ba asarar kuɗi ce.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen GPS. Wani mai sayarwa ya taɓa turo min ɗan allo da tambarin u-blox, kamfanin da ke ƙera kayan GPS, ashe jabu ne, ƙafar PPS ɗin ma ba a haɗa ta da komai ba, alhali PPS ɗin nan shi ne bugun da ke nuna farkon kowace daƙiƙa. In babu shi, lokacin da ke shigowa ta USB rawa kawai yake yi, wallahi pool.ntp.org, tarin sabobin lokaci na kyauta a intanet, ya fi shi. Ka tambayi shekarar firmware kuma, wato manhajar da ke cikin na'urar, don lissafin makonnin GPS yana komawa sifili duk mako 1024, a Afrilun 2019 wasu tsofaffin na'urori 1999 suka koma, irinsu ake goge wa ƙura a sayar a matsayin sabbi. Akwatin da aka rubuta wa stratum 1 kuma, wato mai ɗaukar lokaci kai tsaye daga GPS, cire eriyar ka zuba ido, na gaske zai nuna ya rasa tauraron ɗan adam, in ya yi shiru yana ta ba da lokaci abinsa to mayar masa da kayansa.