Sharhi Kan Allurar Sitiroid a Gwiwa da Tasirinta ga Adirinal

Allurar sitiroid (maganin rage kumburi da ciwo) da ake yi a cikin gwiwa ta yaɗu tsakanin 'yan uwanmu mazauna Jidda da Makka masu fama da amosanin gaɓɓai, musamman idan lokacin Umara ko Hajji ya gabato. Ni ma an yi mini ita a wani asibitin kuɗi a Jidda, miligiram 40 na wani sitiroid mai suna tirayamsinolon a gwiwar dama, kuma ta fannin rage ciwo ba ni da abin cewa sai yabo. Kumburin ya sauka, na koma yin sujada ba tare da kujera ba, na kuma yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa da ƙafafuna.

Inda nake da ƙorafi shi ne bayani. An ce mini maganin a gwiwa zai tsaya, alhali wani kaso nasa yana shiga jini. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙululu da ake kira adirinal, wanda ke samar da kotizol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini da suga, yake kuma tallafar jiki lokacin zazzaɓi, rauni ko tiyata. Idan ƙwaƙwalwa ta ga sitiroid a jini, da yake yana kama da kotizol, sai ta rage umarnin da take aika wa adirinal, kotizol ya yi ƙasa sosai cikin awa 24 zuwa 48. A wurin yawancin mutane yana dawowa daidai cikin mako 1 zuwa 4, amma akwai waɗanda ke daɗewa fiye da haka.

Ina cikin waɗanda abin ya taɓa. Kasala ta kama ni, abinci ya fita daga raina, kuma duk lokacin da na miƙe daga tahiya sai jiri ya ɗebe ni har in dafa bango. Wata likita ce ta tambaye ni ko an yi mini allura kwanan nan, ta sa aka ɗauki jinina da sassafe, lokacin da kotizol ya fi yawa a jiki, aka same shi ƙasa. Ta bi ni da gwaji har ya daidaita, Alhamdulillahi.

Ta kuma ja hankalina ga abin da ya fi damuna game da mutanenmu: man bilicin mai sitiroid, da ƙwayar sitiroid ta desametazon da wasu ke sha don ƙiba, duk suna ƙara danne adirinal idan aka haɗa da allurar. Haka ma maganin ritonabir na masu cutar ƙanjamau. Masu ciwon suga kuwa, sugansu yakan hau na wasu kwanaki.

Zan yarda a sake yi mini idan ciwon ya tsananta, amma ba kafin wata 3 su cika ba, ba kuma dab da aikin Hajji cikin zafin nan ba. Duk wanda amai, jiri da raunin jiki suka kama bayan allurar, ya garzaya asibiti, ya faɗi ranar da aka yi masa ita da sunan maganin.