Kilif ɗin maƙala kyamara a madaurin jaka: kwana 11 a kan noti ɗaya

A kwana na huɗu na tafiyar har na gama tsara yabon da zan zuba wa wannan kilif a raina. Allah Ya taimake ni babu intanet a inda muka kwana, da yanzu ina neman yadda zan goge abin da na rubuta.

Kilif ɗin ƙarfen nan nake nufi, wanda ake matsewa a madaurin jakar goyo daidai gaban kafaɗa, a ɗaura wa kyamara ɗan faranti a gindinta, sai ka zura ta, ta yi ƙas ta zauna a ƙirjinka. Kaya ne mai tsada. Ni dai sai da na yi wata biyu ina kai-kawo kafin na rufe ido na saya, kuma don tafiya ɗaya na saye shi: zagayen dutsen Mont Blanc, wajen kilomita 170 a ƙasa, daga Faransa a shiga Italiya, a ratsa Suwizalan a dawo inda aka faro. Hawan da ke cikinta in an tara ya kai kusan mita 10,000. Mun yi ta cikin kwana 11, ni da abokina, kowa da kayan kwanansa a baya.

Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya da babbar kyamara ya san ciwon. Ka rataya ta a wuya, tana lilo tana dukan haƙarƙarinka, kafin azahar wuyan ya sage. Ka cusa ta a jaka, shi ke nan ka ɗauko dutse ne kawai, domin babu wanda zai sauke kaya kilo 13, ya kwance bel ɗin ƙugu, ya tono ta daga ƙarƙashin rigar ruwa saboda gajimare ya yi kyau na daƙiƙa goma. A tafiyata ta baya haka na yi mako guda na dawo da hotunan da ba su kai hamsin ba, rabinsu na bakin tanti.

To, a nan kilif ɗin ya burge ni, kuma ba zan ci amanarsa ba. Kyamarata da lens ɗinta sun kai kilo 1.3, amma hannuwana biyu suna kan sanduna, ita tana zaune ba ta motsi. Ranar da muka hau Col de la Seigne, mashigar da ta raba Faransa da Italiya a tsayin mita 2,516, wata dabba mai kama da ƙatuwar gafiya, marmot suke ce mata, ta leƙo a kan dutse tana fito. Na danna maɓalli da babban yatsa, na zaro, na ɗauka, na mayar, ban ko tsaya da tafiya sosai ba. Abokina ya ce, "Mutumina, yau kam kuɗinka ya fito." Ni ma haka na ɗauka.

Sai kwana na bakwai. Mun haye mashigar Grand Col Ferret, mai tsayin mita 2,537, mun fara gangarowa ɓangaren Suwizalan za mu ƙauyen La Fouly. Gangara ce mai tsawo, kuma kun san gangara ta fi hawa jijjiga mutum, kowane taku sai kayan sun yi tsalle a bayanka. Tun da safe nake jin kamar kyamarar ta ɗan karkace, bakin lens ɗin yana kallon hammatata maimakon ƙasa. Na mayar da ita da hannu sau biyu, ban kawo komai a raina ba. Ashe duk juyawar da take yi, noti ne yake kwancewa.

Na taka wani dutse, ƙafata ta ɗan zame, na dafe da sanda, sai kawai na ji ƙirjina ya yi sakayau. Kafin in sunkuyar da kai ta riga ta bugi ƙasa. Ƙarar farko ta roba ce, murfin inuwar da ke bakin lens ya tsage biyu. Ta biyu ta gilashi ce. Daga nan ta mirgina sau uku ko huɗu a cikin tsakuwa, wani ɗan kurmin ciyawa ya tare ta, taku kaɗan kafin inda ƙasar ta yanke. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Na duba kafaɗata, ga kilif nan daram, ga faranti a kulle a cikinsa kamar babu abin da ya faru, notin yana tsaye tsirara yana kallona. Makullin da suke ta tallatawa bai saki ba, gaskiya ne. Farantin ya riƙe da kyau. Kyamarar ce dai babu.

Sai da na zauna a gefen hanya hannuna na rawa sannan na gane lissafin. Duk wannan ƙarfe, duk wannan maɓallin tsaro, nauyin gaba ɗaya a kan noti guda yake, irin wanda ke gindin kusan kowace kyamara, kaurinsa kwatan inci, wato milimita 6 da ɗoriya. A kan ƙafar kyamara mai tsayuwa wuri ɗaya wannan noti ya wadatar. A ƙirjin mai tafiya kuwa kyamarar a rataye take, lens mai nauyi yana janta gefe guda, kuma kilomita 170 ta haura taku 200,000. Kowane taku yana ɗan murɗa ta. Robar da suka liƙa a kan farantin don hana sulɓi siririya ce, da ta sha raɓa da gumi ta koma kamar sabulu.

Filtar da na sa a gaban lens, wato gilashin kariya, ita ta fanshe shi. Ta farfashe, zobenta ya lanƙwashe ya ƙi fita har muka gama tafiyar, sai tsince gilashin na yi da ɗan hantsaki, na ci gaba da ɗauka ta cikin zoben. Kusurwar kyamarar ta ƙuje har farin ƙarfe ya fito. Tana aiki, alhamdulillahi.

Laifina ma yana ciki, ba na musu. Sun sa ɗan alanki, wato ƙarfen matse notin, a kwalin kilif ɗin, ni kuma wajen rage nauyi, lokacin da mutum yake auna har buroshin haƙori, na bar shi a gida. Na matse notin tam ranar tashi, na ɗauka magana ta ƙare. To amma in abu yana buƙatar matsewa kowace safiya, me ya hana a rubuta haka da manyan baƙaƙe? Me ya hana a yi wa alankin mazauni a jikin kilif ɗin? Da na dawo na rubuta wa waɗanda suka sayar min, da hotuna. Bayan kwana tara suka amsa da layi uku: suna jajanta min, kilif ɗin bai karye ba saboda haka garanti bai shafi lamarin ba, kuma suna ba da shawarar a riƙa duba noti lokaci-lokaci. Lokaci-lokaci! Kalmar nan ta fi faɗuwar ɓata min rai.

Kuma tunda abin ya faru sai sauran ƙorafin da na danne suka taso. Bayan kilif ɗin ƙarfe ne, yana zaune a kan ƙashin wuya. Tun kwana na uku wurin ya yi ja, na yi shiru don ina cikin zumuɗi. Jakar kullum a karkace take zuwa hagu, sai na riƙa cusa gorar ruwa a dama don ta daidaita. Madaurin ƙirji kuma dole ka sauke shi ƙasa da inda ya saba zama. Sannan kyamarar a fili take, ƙura ta same ta, yayyafi ya same ta, gumin haɓarka ya ɗiga a kanta. Wata safiya mai sanyi na shiga ɗakin hutawa mai ɗumi da ita a ƙirji, nan take lens ya yi hazo, na yi rabin awa ina jira ya washe. Da a jaka take a rufe da ta ɗumama a hankali. Batir ma haka: duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6.5, kuma batirin lithium ba ya shiri da sanyi. Wanda yake nuna rabi a kwari sai ya fara jan ido a kan tudu. Na koma kwana da batura biyu a cikin jakar barci kamar masu jin tsoron duhu. Wannan ba laifin kilif ba ne kai tsaye, amma shi ya ajiye ta a bakin iska.

Abokina kuwa ƙaramar kyamara Ricoh GR III ya ɗauko, giram 257 har da batir, tana cikin aljihun bel ɗin ƙugunsa. Ba ta zuƙo nesa, marmot ɗinsa ya fito kamar ƙwayar tsakuwa, na yi masa dariya son raina a ranar. Bayan faɗuwar tawa bai ce uffan ba, sai dai duk sanda ya zaro tasa yakan ɗan yi gyaran murya.

Sauran kwana huɗun da igiya na ƙarasa su. Na yanko guntun igiyar tanti, na ɗaura a kunnen kyamarar, ɗaya bakin a zoben madaurin jaka, notin kuma wani ma'aikacin masauki ya ara min alanki na matse. Kayan tsada, igiya ce ta zama mai gadinsa.

Da na zauna tace hotuna na sami sama da 1,400, kuma waɗanda na fi so duk irin na zaro-ka-ɗauka ne, waɗanda da tana cikin jaka ba za a yi su ba. Shi ya sa na kasa jefar da kilif ɗin, ko da yake na ɗauko shi da wannan niyya har sau biyu. Tauraro uku na ba shi, na so in ba da biyu. Yanzu na ɗiga wa notin shuɗin ruwan nan na hana noti kwancewa, na ɗaure alankin a zif ɗin jaka, igiyar ma ban kwance ta ba. Mai babban lens da zai yi gangara mai tsawo, ya taɓa gindin kyamararsa duk safiya kafin ya ɗaura jaka. Zoben filtar kuwa sai da mai gyara ya yanke shi da ɗan zarto.